Jan Zaren Bayan Ƙyaure

A ƙauyenmu, can ƙwanƙolin duwatsun Peru,
inda gajimare ke kwana ƙasa da ƙofarmu,
rana kan fito ba don ɗumi ba,
sai don ta ga ko mun kwana da ranmu.

Ni ce Fortunata, masaƙiya. Ban san baƙi ba.
Lissafina a zare yake:
alfaka ta haihu, ƙulli;
bashi ya hau, ƙulli;
Wilmer bai je makaranta ba, shi ma ƙulli,
a jan zaren da na rataye bayan ƙyaure.

Watan haƙar dankali ya kama,
ubansa na ramin ma'adinai, sai Kirsimeti.
Gona ba ta san Litinin ba.
Na ce, "Ajiye jaka, ɗauki fartanya,
kwana uku ba za su cinye maka karatu ba."
Ya dube ni, ya dubi gangare
inda jar hular Nilda ke ta ƙanƙancewa.
Bai ce uffan ba.
Uku suka haifi biyar.

Malama Hermelinda ta aiko takarda.
Wa zai karanta mini, in ba wanda aka rubuto a kansa ba?
Da ya so, da ya ce gaisuwa ce.
Ya karanta tiryan-tiryan, har inda ta yi masa ɗaci:
"Kujerarsa na jiransa,
amma darasi ba ya jira.
Mun shiga rabawa ran Talata."

Kasuwar Lahadi, mai babbar mota
ya ɗebi buhu bakwai, ya dunƙulo kuɗi a tafina.
Na ce, "Wilmer, nawa-nawa ya faɗi?"
Ya ƙirga yatsu. Ya sake.
Kunnensa ya yi ja, ba na sanyi ba.
"Mama, ba mu kai nan ba."
"Mun kai," in ji Nilda daga rumfar uwarta,
"kai ne ba ka nan."
Kafin ta gama zana shi a ƙasa da tsinke
motar ta sha kwana
da kuɗin kananzirinmu na wata guda.

Litinin na riga zakara tashi,
tafiyar awa biyu, shi gaba ni baya.
Na shirya wa faɗa, ba a yi mini ba.
Malama ta buɗe rajista kawai:
gaban kowane suna, layi ya miƙe kamar kunya,
gaban nasa, sifiri biyar a jere.
Ban san baƙi ba, amma na san rami,
ni na haƙa su. Gani ya kori ji.

Ta ce, "In ciwo ne, aiko a faɗa mini tun da safe,
in aiko da aikin ranar.
In gona ce, zo mu yi shawara kafin ki riƙe shi."
Sauran gonar muka kira gayya ran Asabar,
gida shida, tukunya ɗaya,
har mijin malamar ya zo da aron fartanya
ya sare dankali fiye da wanda ya tsira.

Da zazzaɓi ya kayar da shi a watan ƙanƙara,
ban ja shi hanya ba, ban kuma yi shiru ba.
Na tare Nilda a mararraba da saƙo,
da yamma ta hauro da littafi cikin mayafi.
Na ɗaura ƙulli na shida, sako-sako,
wannan kaɗai ne ba nawa ba.

Daren jiya ya zube dankali ashirin da biyu a gindin murhu,
ya kasa su kashi bakwai, yana motsa leɓe.
"Uku-uku, Mama. Saura ɗaya."
Na tura ɗayan cikin toka,
na ce ya kwanta, gobe Laraba.